Yaronmu Ya Ƙetare Iyaka Uku: Da Wane Guzuri Muka Sallame Shi?



Tun da aka girbe gero bana ake ta ka-ce-na-ce a wannan yanki namu a kan wani saurayi, ɗan ɗaya daga cikin dattawanmu da suka ajiye alli. An yi maganar a majalisar ƙofar masallaci, an yi ta a ɗakin malamai, har a kasuwar Dambatta mun ji ana yin ta a teburin mai shayi. Ba za mu kama sunansa ba. Waɗanda suka san shi sun san shi, waɗanda ba su san shi ba kuwa suna da irinsa a gidajensu ko a azuzuwansu.

Yaron yana karatun aikin gona a jami'a, sai Allah ya buɗe masa ƙofar yin zangon karatu guda, kimanin wata huɗu, a wata jami'a da ke Kumasi a ƙasar Gana. Mahaifinsa ya sayar da raguna biyu da ragowar gyaɗar bara, ya haɗa masa guzuri. Da yake kuɗin bai kai na jirgin sama ba, mota ya bi: daga Kano zuwa Legas, daga Legas ya ƙetara Jamhuriyar Benin, ya ratsa Togo, sannan ya shiga Gana. Har nan babu wanda ya ce uffan. Abin da ya tayar da ƙura shi ne, da aka ba su ɗan hutu a tsakiyar zango sai ya hau mota ya yi arewacin Gana, ya je Tamale da Salaga. Da karatu ya ƙare kuma, maimakon ya kamo hanyar gida kai tsaye, sai ya riƙa yada zango, kwana uku nan, kwana huɗu can, a Accra da Lome da Kwatano, har ɗan abin da ya rage a aljihunsa ya ƙare. Ko da ya iso, an riga an ɗaure dammunan gero babu hannunsa a ciki. Wasu suka ce an aike shi karatu ya tafi yawon buɗe ido. Wasu suka ce raguna biyu sun tafi a banza.

Mu dai a ganinmu yaron bai yi ɓarna ba. Sai dai mun zauna da shi wuni guda mun saurari labarinsa daga farko har ƙarshe, kuma da kunya muka tashi. Kusan duk wahalar da ya sha a hanya ta samo asali ne daga rashin sanin abin da ya kamata a ce ya sani tun yana gabanmu a aji. Alherin da ya kwaso kuma, babu wata hanya da muka tanada domin ya isa ga ƙannensa. Wannan shi ne abin da muke so mu tattauna kafin taron reshe mai zuwa.

Abin da hanya ta koya masa

Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, duk a cikin ƙasa ɗaya. Daga Legas zuwa Accra kuwa, wadda fatakenmu na da ke kira Ankara, ba ta kai kilomita 500 ba, amma sai matafiyi ya ƙetare iyaka uku: ta Seme tsakanin Najeriya da Benin, da wadda ke tsakanin Benin da Togo, da ta Aflao tsakanin Togo da Gana. Yaron ya ce bai taɓa zaton ana ratsa ƙasa sukutum tsakanin azahar da la'asar ba, sai da ya ga gaɓar tekun Togo, wadda tsawonta bai cika kilomita 60 ba.

Ya riƙe fasfo da katin shaidar allurar rigakafin shawara, ya kuma ji ana cewa ba a neman biza, amma bai san dalili ba. Dalilin kuwa shi ne yarjejeniyar da ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka ƙulla a 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa cikinsu damar shiga ɗaya ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Da yake bai san haƙƙinsa ba, a ɗaya daga cikin shingayen wani jami'i ya nemi na goro, ya ciro ya bayar jikinsa na rawa. Haka nan bai san cewa mai niyyar wuce kwana 90 sai ya nemi izinin zama ba, sai da aka tunatar da shi a jami'ar da ya je.

Da ya shiga Togo ya duba wayarsa ya ga agogo ya koma baya da awa guda, ya ɗauka wayar ce ta sami matsala. Najeriya da Benin suna gaban Togo da Gana da awa ɗaya, kuma wannan darasi ne da ake iya nuna wa yaro da lemo da tocila cikin minti goma. Kuɗinsa ya canja daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi, a kowane canji 'yan canji suka ci rabonsu, domin bai iya yin lissafin da ka ba kafin a miƙo masa. A Benin da Togo da Faransanci ake aikin hukuma, shi kuwa ko ruwan sha bai iya tambaya da shi ba. Abin da ya cece shi Hausa ce. A kasuwar Dantokpa ta Kwatano masu sayar da albasa ne suka nuna masa tasha, a Lome mutanen Zango suka ba shi makwanci, a unguwar Nima ta Accra da Aboabo ta Kumasi kuwa ya ce sai ka rantse kana Fagge. Ya sha koko da ƙosai da sunansu na gida, ya ci shinkafa da wake da suke kira wace, ya ga ana sayar da tuwon zafi a kan titin birnin da bai taɓa tsammanin an san tuwo ba.

Babban abin da ya fahimta, a matsayinsa na ɗalibin noma, a cikin mota ya fahimce shi. A Kumasi damina biyu ake yi a shekara, ruwa kan ɗan tsagaita a watan Agusta, daidai lokacin da mu nan ake marka. Gonakinsu na koko ne a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, da rogo da agada da gwaza. Da motar ta yi arewa sai kurmi ya riƙa ja da baya, kafin Tamale sai ga kaɗanya da ɗorawa, ga dawa da gero da gyaɗa, ga damina guda kamar tamu. Nan ya gane cewa ruwan sama da ƙasar noma sun shimfiɗu ne daga gabas zuwa yamma kamar ƙaryar saƙi, alhali iyakokin da Turawa suka shata tsakanin waɗannan ƙasashe sun taso ne daga bakin teku suka yi arewa. Manomin Tamale ya fi kusa da manomin Bichi a wajen matsalolinsa da dabarunsa, fiye da yadda yake kusa da manomin Kumasi da suke ƙasa ɗaya. Malamin da ya taɓa fama da yara a kan wannan darasi ya san darajar a ce ɗalibi ya gan shi da idonsa. Gani ya kori ji.

A Salaga kuma ya tarar da tarihin gidansu. Can ne ƙasar Gwanja da kakanninmu ke ambata, inda ayarin jakuna ke isa bayan watanni a hanya ɗauke da kanwa da baƙin yadi da fata, ya juyo da goro. Can ne kuma aka yi babbar kasuwar bayi, rijiyoyin da ake shayar da su suna nan har yau, kuma bai kamata mu faɗa wa yaranmu rabin labarin mu ɓoye rabi ba. A can ya fara jin sunan Alhaji Umaru, malami kuma marubuci, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, ya ƙarasa rayuwarsa yana koyarwa a Kete-Krachi har ya rasu a 1934. Bakano ne da mutanen Gana suke alfahari da shi, yaronmu kuwa bai taɓa jin labarinsa a makarantar Kano ba.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne wannan. Wata rana wani malaminsu ya ji daga inda ya fito, sai ya ce ya tashi ya yi wa ajin bayanin yadda manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba, ga yawan jama'a, amma ƙasar ba ta mutu ba. Malamin ya san wannan ne daga rubuce-rubucen Michael Mortimore, Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya kuma shafe shekaru tun daga 1960 da wani abu yana nazarin gonakin nan namu. Yaron da ya tashi yana kai taki gona a mangala, yana shuka wake da gyaɗa a tsakanin gero da dawa, yana tara harawa da kara saboda tumakin da za su sake ba da takin, sai ya tsaya yana inda-inda. Ya iya aikin sarai, amma ba wanda ya taɓa nuna masa cewa ilimi ne da ake koyarwa a jami'o'in duniya. Mu ne ba mu nuna masa ba.

Gadon da muka tarar

Masu cewa yaron ya kauce hanya su tuna cewa tafiya neman ilimi tsohuwar al'adarmu ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je har Agadas domin karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umar. Muhammadu al-Kashnawi, masanin lissafi daga Katsina, ya ratsa ƙasashe zuwa Makka, ya zauna a Alƙahira yana rubutu har ya rasu a 1741. A zamanin da ya fi kusa da mu, Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano, yana malamin makarantar midil ta Bauchi, ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1946. Bai tsaya ga ɗakin karatu kaɗai ba, ya shiga jama'a ya ga yadda ma'aikata ke haɗa kai su nemi haƙƙinsu, ya dawo ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. Tsatson wannan ƙungiya ne daga baya ya haɗe da NUT, wadda aka kafa tun 1931. Ke nan ita kanta wannan ƙungiya tamu, a nan Arewa, tana cikin tsarabar da wani ɗalibi ya kawo daga tafiya. Shi ma daga baya ya rubuta labarin tafiyarsa da Hausa, ya sa masa suna Motsi Ya Fi Zama.

Abin lura game da waɗannan magabata shi ne, tafiyarsu ba ta ƙare a ƙofar gida ba. Sun zauna sun rubuta, sun koyar, sun kafa, domin wanda bai je ba shi ma ya amfana. A nan ne muka yi sakaci. Yaranmu suna fita yau fiye da kowane lokaci, amma abin da ke dawowa ƙauye bai wuce hotuna a Facebook da WhatsApp ba.

Hujjojin masu adawa

Ba za mu yi watsi da abin da masu ƙorafi ke faɗa ba, domin akwai gaskiya a cikinsa.

Na farko, kuɗi. Raguna biyu dukiya ce babba a gidan malamin da ke jiran fansho. Ita kanta gwamnatin tarayya tsadar tura ɗalibai waje ta sa ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991 da Ƙauyen Larabci a Ngala a 1992, domin ɗaliban waɗannan harsuna su yi zaman da a da suke zuwa yi a ƙasashen waje. A jiharmu, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 karatun digiri na biyu a ƙasashen waje a 2012, gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf kuma ta farfaɗo da shirin a 2023 da gurabe 1,001, rukunin farko suka tashi zuwa Indiya a watan Oktoba na shekarar, wasu suka tafi Uganda. Akwai 'yan'uwanmu da ke cewa da an zuba waɗannan kuɗi wajen rufe azuzuwan da iska ta yaye, da ya fi. Mu ba mu ga dalilin da zai sa a ce sai ɗaya ba, musamman tun da gwamnati da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Amma muna jan hankali ga abu guda: guraben nan masu sakamako mafi kyau ake ba wa, kuma yaron da ya kai aji huɗu na firamare bai iya karatu ba, an riga an cire sunansa daga jerin tun kafin a rubuta jerin. In ana so ɗan Kunchi da 'yar Makoɗa da ɗan Tsanyawa su shiga jirgin nan, to daga aji ɗaya ake sayen tikitinsu.

Na biyu, haɗari. Wannan ba abin wasa ba ne. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, ɗalibanmu da yawa, ciki har da 'yan jihar nan, suka bi sahara a motocin bas zuwa iyakar Masar, suka kwana da kwanaki a bakin iyaka kafin a kwaso su ta Aswan, rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. Wasu ta Port Sudan aka fito da su. Kafin wannan, a watan Fabrairun 2022, ɗaliban Najeriya da ke Yukren sun tsere ta iyakokin Poland da Romaniya da Hungary. Iyayen da suka kwana suna addu'a a waɗancan darare suna da hujjar jin tsoro. Sai dai darasin da muka ɗauka shi ne, a irin wannan rana ɗalibin da ya san taswira, ya san ƙasar da ke makwabtaka da inda yake, ya adana takardunsa, ya iya 'yan kalmomi na harshen mutane, ya fi wanda bai taɓa fita daga harabar jami'a ba samun mafita. Ba ma goyon bayan yaro ya jefa kansa inda ake tashin hankali, kuma yaron da muke magana a kansa ya yi hankali da ya guji hanyar arewa ta Burkina Faso, wadda ba ta da tsaro a yanzu. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma tsare yaro a gida ba ya yaye wannan duhu.

Na uku, tarbiyya. Iyaye suna tsoron yaro ya tafi da sallarsa ya dawo babu, tsoron kuma ya fi yawa a kan 'ya'ya mata. Amsarmu ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ake gudun yaro ya gani a Lome yana cikin wayar da ke aljihunsa a nan ƙauye. Tarbiyyar da aka dasa da kyau tana jure tafiya, kamar yadda ta jure wa fataken da suka kafa zangunan Gana suka gina masallatai da makarantun allo a duk inda suka sauka. Game da 'ya'ya mata kuwa, mu da ke kukan ƙarancin malamai mata da likitoci mata a karkara bai kamata mu zama masu rufe musu ƙofa ba. Abin da ya dace shi ne a tsara musu tafiya da rakiya da masauki na mutunci.

Na huɗu, cewa bai taya mahaifinsa girbi ba. A nan muna tare da masu ƙorafi rabin hanya. Ya kamata ya nemi izinin mahaifinsa kafin ya ƙara kwanaki, kuma mun faɗa masa haka a gaban idonsa. Wanda aka sayar da raguna dominsa akwai bashi a kansa. Inda muka saɓa da su shi ne yadda za a biya bashin. Ɗaurin gero na mako biyu ana iya biyan ɗan ƙwadago ya yi. Abin da yaron ya gani a ƙasashe huɗu kuwa shi kaɗai ke da shi a ƙauyensu, kuma da shi ya kamata ya biya.

Abin da muke kawowa gaban taro

Saboda haka muna gabatar wa 'yan'uwa shawarwari biyar, domin a tattauna su a taron reshe.

Da farko, taswira. Mun zagaya makarantu da dama na yankin nan, azuzuwan da muka ga taswira a bangonsu ba su da yawa. Ba sai mun jira an aiko ba. Da gwangwanin fenti biyu da malami mai hannu ana iya zana ƙaramar hukuma da jiha da Najeriya da Afirka ta Yamma a bangon kowace makaranta. Inda babu fenti, akwai fili da sanda da toka. Kada yaro ya bar aji shida bai iya nuna ƙasashen da ke kewaye da mu ba, da kuɗinsu, da harshen hukumarsu, da abin da suke nomawa.

Na biyu, ƙaramin asusu na son rai domin ziyarar ilimi ga 'yan aji shida, maza da mata daidai, tare da malamai mata masu rakiya. Tafiya ba sai an ƙetare iyaka ba. Akwai yaran da aka haifa kusa da madatsar ruwa ta Thomas ba su taɓa ganin yadda ake sakin ruwa zuwa gonakin rani ba. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Bichi, ga Gidan Makama da dutsen Dala da kasuwar Kurmi a birni, ga rijiyar Kusugu a Daura. Yaron da ya koyi riƙe littafi yana tambaya yana rubutawa a tafiyar wuni guda, shi ne zai amfana da tafiyar wata huɗu.

Na uku, kowane ɗa ko 'yar wannan yanki da ya fita karatu, idan ya dawo, a gayyace shi tsohuwar makarantarsa ya tsaya gaban allo ya ba da labari, ya kuma rubuta ko da shafi biyar ne da Hausa, mu buga a wannan mujalla. Kada mu tsaya ga masu digiri. Alhazai da direbobin manyan motoci da fataken shanu da na albasa duk suna da abin faɗa. Muna kuma kira ga uwar ƙungiya ta jiha ta nemi gwamnati ta sanya cikin sharuɗɗan tallafin karatu na waje cewa wanda ya dawo zai ba da zango guda yana koyarwa a makarantar karkara. Kuɗin talakawan karkara na cikin abin da aka kashe masa.

Na huɗu, mu juya fuska arewa. Ƙasar waje mafi kusa da mu ita ce Nijar. Daga Dambatta ta Kazaure da Daura zuwa Kongolam tafiyar safiya ce, daga nan sai Matamai da Damagaram. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta nan yankin ya ratsa. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke kututturan itatuwa, suka riƙa barin tohon gawo da sauransu suna yi musu aski, abin da suke kira sassaben zamani, kuma masana sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya ta kai hekta miliyan 5. Manoman nan Hausa suke yi, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. Mun san an rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, mun kuma san Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka komai sai da izinin hukuma da lura da tsaro. Amma zumunta tsakanin malamanmu da takwarorinsu na can abu ne da ya kamata a fara nema, tare da matsa wa hukumomin ilimi su turo malaman Faransanci makarantun karkara, kada darasin ya tsaya a kan jadawali kawai.

Na biyar, reshe ya shirya takarda shafi ɗaya da Hausa domin iyayen da ɗansu zai fita: takardun da zai riƙa da kwafinsu da za a bari a gida, allurar rigakafi, adireshin ofishin jakadancin Najeriya a ƙasar da za shi, ƙasashen da zai ratsa, yadda ake canjin kuɗi, da alkawarin cewa ba zai canja hanya ko ya ƙara kwana ba sai da sanin gida. Da akwai irin wannan takarda, da rabin rigimar da ake yi a kan yaron nan ba ta taso ba.

Kammalawa

Mun tambayi mahaifin yaron ko yana nadamar ragunansa. Ya yi shiru, sannan ya ce shekara talatin da biyar ya yi yana koya wa yara sunayen garuruwan da shi kansa bai taɓa gani ba, yanzu ga wanda ya gan su a gidansa, abin da ya rage shi ne kada ganin ya mutu a bakinsa. Mun yarda da Malam. Yaron ya amsa zai je tsohuwar firamarensa a wannan zango, kuma ya fara rubutu, wanda muke fatan kawo muku a fitowa ta gaba.

Amma shi ɗaya ne. A bayansa akwai dubban yara zaune a kan tabarmi da buhu a azuzuwanmu, waɗanda wasunsu za su fita ko mun shirya su ko ba mu shirya su ba, wasu domin karatu, wasu domin fatauci, wasu domin ci-rani. Raguna da gyaɗa iyaye ne ke bayarwa. Sanin hanya da sanin gida kuwa, wannan kason namu ne na guzurin, kuma a wannan karon ba mu cika shi ba. Muna roƙon kowane ɗan ƙungiya ya zo taro da ra'ayinsa a kan shawarwarin nan biyar, mai goyon baya da mai suka.

Allah ya kiyaye 'ya'yanmu a duk inda suke, ya dawo mana da su lafiya da ilimi mai amfani, ya kuma ba mu ikon sauke nauyin da ke wuyanmu. Amin.